Tafkin da Sai an Ɗauki Jirgi a Kafaɗa

Da sunan Allah nake farawa.

Ummina, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Duluth lafiya, mota ba ta ba ki wahala ba, kin kuma tarar da ɗakin kamar yadda aka nuna miki a hoto. Na cusa ta cikin jakar da Mamanki ta cika miki da yaji da kuka da daddawa, don na san ita za ki fara buɗewa. Da Hausa na rubuta. Na san za ki bi ta a hankali kina motsa baki kamar yadda kike yi tun kina ƙarama, amma abin da nake son faɗa ya ƙi fita da Turanci, sau biyu ina gwadawa ina yagawa. Kalmar da ta shige miki duhu, ki kira Mamanki.

Mako uku da suka wuce kin same ni a kicin kin nuna mini taswira a wayarki. Wani tafki ne can arewacin Minnesota wanda mota ba ta zuwa, sai an tuƙa kwalekwale an ƙetare tafki biyu, sannan a fito da shi a ɗauke shi a kafaɗa a ratsa daji. Kin ce abokan sabon aikinki sun ce kifin nan da suke kira wolai ya fi yawa a can, kika tambaye ni ko ya cancanci wahalar, tun da na taɓa zuwa irin wurin. Sannan kika sassauta murya kika ce, "Baba, ko za ka zo mu je tare a Satumba?" Na ce za a duba. Kika ce to, kika mayar da waya aljihu. Ni da ke duk mun san abin da "za a duba" ke nufi a bakina. Tun ranar raina bai yi mini daɗi ba, kuma ba na son ki fara sabuwar rayuwa da wannan amsa a zuciyarki. Ga amsar gaskiya nan, sai dai doguwa ce, ki yi haƙuri da tsohonki.

Kina da shekara goma na yi tafiyar nan, tare da Geri maƙwabcinmu, dattijon nan mai jar mota da ke ba ki alewa ta saman shinge, Allah ya sa yana lafiya inda ya koma. Wata rana ya leƙo ya gan ni ina gyara wa Mamanki kifi a bayan gida. Ya tsaya yana kallon hannuna, ya ce, "Umar, wannan wuƙa ba yau ka fara riƙe ta ba." Na ce ɗan kaɗan na iya. Daga nan ya gayyace ni tafkin da yake zuwa duk shekara.

Ke ba za ki manta safiyar da muka tashi ba, ni ma ban manta ba. Kin haɗa jakarki ta makaranta da kanki, kin sa safa biyu da burodi da tocila, kin zauna a matakala kina jira. Na ce miki kamun kifi ba aikin mata ba ne, ki koma ciki. Geri ya ce 'yarsa tun tana da shekara takwas yake zuwa da ita, na yi kamar ban ji ba. Har muka sha kwana kina tsaye a bakin ƙofa da jakar a baya. Na yi kuskure ranar, kuma a lokacin ma na sani.

Kafin wannan ma na riga na yi wata wautar. Juma'ar da ta gabaci tafiyar, bayan an idar da salla, ina tsaye da mutane wurin ajiye motoci na cika baki na ce kowa ya gaya wa iyalinsa kada a sayi kifi wannan watan. Alhaji Isuhu, abokin aikina a gidan rediyo, mutumin Gaya mai surka Hausa da Faransanci, ya ce, "Bon, Malam Umaru, gidana mutum bakwai ne, a sa mu a farkon liste." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ka ji mutumin da bai taɓa ganin wolai ba ko a hoto, amma har ya gama rabon sa. Na sayi ƙatuwar kula ta ƙanƙara, irin wadda sai mutum biyu ke ɗauka. Na ɗauko tukunyar nan da Mamanki ke dafa abincin suna a ciki, da rabin buhun shinkafa, da galan na man gyaɗa, da albasa, da buta, da darduma mai kauri. Geri ya dubi kayan ya dube ni ya ce, "Duk abin da ka sa a motar nan, bayanka ne zai ji shi." Dariya na yi. Ni a sanina jirgi ne ke ɗaukar kaya. A garinmu Yauri na ga jirgi ɗaya ɗauke da shanu da buhunan gero da babur, mai shi yana waƙa. Da ya ce mini akwai inda mu za mu ɗauki jirgin, kunnena ya ji amma hankalina bai ɗauka ba.

Kwana biyu muka yi a mota, irin hanyar da kika bi yanzu. Muka sa jirgi a ruwa, muka ƙetare tafkin farko, ina ta nuna gwanintar tuƙi da filafili. Sai ga ruwa ya ƙare. Gabanmu wata 'yar siririyar hanya ce ta hau tudu ta shige cikin itatuwa, duwatsu da saiwoyi da taɓo. Nan ido ya raina fata.

A tsakiyar kwalekwalen akwai wani katako da aka gicciye, an sassaƙa shi daidai wuyan mutum, da 'yan matasai biyu. Kifa jirgin ake yi, katakon ya zauna a kafaɗu. Geri ya fara nuna mini, na ɗaga masa hannu na ce ya bari, mu tun muna yara muke ɗaukar kaya. Na naɗe tawul na yi gammo, na ɗora a ka, na sa katakon a kan gammon. Taku goma ban yi ba gaban jirgin ya sunkuya ya rufe mini ido, ya daki itace, na yi zaman 'yan bori a cikin taɓo, jirgi ya kife a kaina. Geri bai yi dariya ba sai da ya tabbata wuyana bai karye ba. Daga nan kuwa sai da ya zauna a kan dutse yana share hawaye. Na miƙe na ce, "To, nuna mini." Minti biyu ya yi yana nuna mini, jirgin ya zauna a kafaɗata daram, har ina iya sakin hannu ɗaya.

Ummi, za ki shiga cikin mutanen da suka yi shekaru a kan ruwan nan. Kina da digiri biyu, wasunsu ƙila ko ɗaya ba su da shi. In ɗaya ya fara nuna miki abu, ki bar shi ya gama, ko da kina ganin kin iya. Kin gado ni wajen saurin cewa "na sani", na sha ganin haka a wurinki, kuma ba na son ki biya kuɗin wannan hali da wuyanki a wurin da babu asibiti kusa.

Sawu uku muka yi a wannan hanya saboda kayana. Geri nasa jaka ɗaya ce. Sauro kuwa kamar an gayyace su walima. A sawu na uku na ajiye shinkafar na ce mu zubar da rabi tsuntsaye su ci, ya ce doka ta hana, abin da ka shigo da shi kai za ka fita da shi. Haka na kai shinkafar nan tafki, ta sha iska, na dawo wa Mamanki da ita. Don haka ki baje kayanki a ƙasa kafin ki tafi, ki ɗauki kowanne ki tambayi kanki ko kin yarda ki hau tudu da shi. Abin da ba na yarda ki rage ba shi ne rigar ceto. Ki ɗaure ta tun kafin ki sa ƙafa a jirgi, don ruwansu sanyinsa na kama jiki, iya iyo ba ya hana shi.

Da muka ɓulla tafkin na manta da ciwon kafaɗa. Ba gida, ba waya, ba ƙarar inji, sai duwatsu da dogayen itatuwa da wani tsuntsu mai kuka kamar mutum. Ni da na saba da cunkoson hanyar Woodbridge safe da yamma, sai da kunnena ya yi ta ƙara don rashin hayaniya. Amma ranar farko ko ƙaya ban kama ba. Da tsakar rana na fita, rana ƙwal, ina jefa fatsa ina fizga, Geri yana kwance a inuwa da hula a fuska. Da na dawo ina huci ya ce mini kifin nan idonsa ba ya son haske, shi ya sa idon yake fari kamar gilashi. Da rana yana can ƙasa jikin duwatsu, sai da sassafe ko yamma lis, ko ranar da hadari ya rufe rana iska na kaɗa ruwa, yake fitowa kiwo. Na ce kifi ai kifi ne. Ya ce to, ya mayar da hularsa.

Washegari bayan la'asar sama ta yi duhu, iska ta taso kaɗan. Wannan karon na bi shi ba gardama. Ya sa mini matsattsaku a ƙugiya, muka sake ta har ta taɓa ƙasa, muka ɗan ɗago. Ya ce kada in jira a fizge ni, abin da zan ji bai wuce kamar an taɓa zaren da yatsa ba. Can kuwa na ji shi. Hannuna ya so ya ja, sai na ji muryar mahaifina a kunnena kamar yana zaune a bayana: bar shi ya juya tukuna. Na bar shi. Na ƙirga uku, na ɗaga. Ummi, shekara talatin rabona da jin nauyin kifi mai rai a hannuna, amma hannun bai manta komai ba.

Da muka ɗago shi cikin jirgi, tsawonsa ya kusa kai hannuna, jikinsa ruwan zinariya. Har na fara lissafin gidan da zan kai wa kansa. Geri ya auna shi ya ce mace ce, kuma ta wuce tsawon da dokar tafkin ta yarda a riƙe, su ne masu zuba ƙwai, sai a mayar. Na ce masa a garinmu ba a mayar da kifi ruwa, arziki ne Allah ya ba ka. Na waiga gabas da yamma na ce, "Wa ke nan? Wa zai gani?" Ya ce, "Na gani. Kai ma ka gani." Ni mai darduma a jaka, ni ake tuna wa cewa ana ganina. Kunya ta rufe ni. Na sa hannu biyu na riƙe ta a cikin ruwa har ta dawo hayyacinta, ta buga wutsiya ta nutse. Bayan nan muka kama ƙanana huɗu, muka soya biyu a bakin ruwa da man gyaɗana, wanda a ƙarshe ya yi rana. Naman fari tas, ba ƙaya, ba ƙarni. Ban ci kifi mai daɗinsa ba a ƙasar nan.

Aikinki yanzu shi ne ƙirga kifin nan da auna ruwan da yake ciki, sau da yawa ke kaɗai a wurin da ba mai duba ki. Abin da kika gani shi za ki rubuta, ko bai yi wa shugabanki daɗi ba, ko ya nuna kin yi kwana uku a banza.

Na faɗi haka ne don ni ban yi ba. Kular nan fayau na dawo da ita, don abin da doka ta ba mu mun cinye shi a can. Maimakon in je masallaci in ce jama'a na cika baki ku yafe ni, sai na tuƙa mota har Beltsville, wani kantin kifi inda nake ganin ba wanda ya san ni, na sayo karfasa na fere ta na rarraba gida-gida. Na manta a unguwar matar Alhaji Isuhu ke cefane. Juma'a na zagayowa ya tare ni gaban mutane, fuska ba dariya, ya ce, "Malam Umaru, madame ta gode. Ta ce in tambaye ka, wolai ɗin nan uwa ɗaya uba ɗaya suke da karfasa, ko 'yan'uwan nesa ne?" Har yau in aka kawo kifi a taro sai ya dube ni. Kada ki yi alkawarin abin da bai zo hannunki ba, in kuma kin dawo hannu biyu ki faɗa da bakinki, dariyar kwana ɗaya ce.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. A yammacin da na mayar da kifin nan, bayan na yi magariba a kan dutse, na gaya wa Geri abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a Amurka, har ke. Kin tuna aikin makarantar da aka ba ku na zana tarihin iyali, kika tambaye ni sana'ar kakanki, na ce ɗan kasuwa ne? Ba ɗan kasuwa ba ne. Basarke ne, masunci ɗan masunci, a cikin jirgi aka yaye shi. Ni ma kafin a sa ni boko na iya jefa tarun birgi, na iya gyaran komar kamun kifi. Da na je makarantar kwana sai yara suka sa mini suna Ƙarni, in na shigo aji su toshe hanci. Na riƙa dirzar jikina da sabulu har fata na zafi. Wata ranar ziyara mahaifina ya zo tun daga Yauri da bandar kifi a ƙunshe cikin takarda. Na tare shi a wajen ƙofa don kada ya shigo. Wani yaro ya wuce ya tambaye ni wane ne, na ce wani mutumin garinmu ne. Mahaifina ya ji. Ya miƙa mini ƙunshin, ya sa mini albarka, ya juya. Ina nan Amurka ya rasu, ban nemi gafararsa a kan wannan ba, kuma ba ranar da abin ba ya ci mini rai.

Shi ya sa ranar da kika ce kin bar karatun haɗa magunguna kin koma karatun kifi da ruwa na faɗi abin da na faɗa. A kan tebur, gaban baƙi, na ce na ƙetare teku don in raba ku da ƙarnin kifi, ke kuma kin bi shi da gudu. Na ga yadda kika ajiye cokali. Ba ke nake wa faɗa ba, Ummi, tsoron yaran nan masu toshe hanci ne bai sake ni ba har da furfura. Ke ba ki san komai a kan kakanki ba, na ɓoye miki, na hana ki zuwa tafki, amma duk da haka kika nemo hanyar ruwa da ƙafarki. Da yana raye da ya zaunar da ke ya yi ta tambayar ki har ki gaji. Ki yafe mini. Ina alfahari da aikinki, kuma na fara faɗa a masallaci, da sunansa na gaskiya: 'yata kifi take karanta, kakanta ma masunci ne.

To, ya cancanci wahalar? In nauyin nama kike nema, a'a, kanti ya fi sauƙi, ni shaida ne. In kwana ɗaya kawai gare ki, shi ma a'a, hanya za ta cinye ranar, ki isa da tsakar rana lokacin da kifin ke ɓoye. Amma in kina da kwana uku, kayanki ba nauyi, kin tambayi waɗanda suka bi hanyar bana ba bara ba, kin gaya wa wani ranar da za ki fito, to ki je. Wurin da ba kowa ke iya kaiwa ba kifinsa bai saba da ƙugiya ba. Kuma ni a can ne na fara faɗin gaskiya a kan ubana, ban san ko da zan iya a wani wurin ba.

Saura tambayarki ta biyu. Na je wurin likita ya duba gwiwata, ya ce in na bi a hankali ba laifi. Kwana goma ke nan ina fita bayan asuba da jakar baya, na zuba mata shinkafa, ina zaga unguwa har gangaren tashar jirgin ƙasa in dawo. Kina gida duk wannan lokacin, kina barci, Mamanki ce kaɗai ta sani, tana leƙe ta taga tana dariya, wai ni da shinkafa ba mu rabuwa. Na kuma nemi hutun mako guda a wurin aiki, an ba ni. Zan zo, in Allah ya yarda.

Abu ɗaya na roƙe ki. A wurinmu mai jirgi ne ke zama a baya, shi ke riƙe da tuƙi, shi ke cewa ga inda za a bi, ga inda za a tsaya, ɗa kuma yana gaba yana jan ruwa. Ban taɓa ganin uba ya zauna gaban ɗansa ba. Wannan karon ke za ki zauna a baya. Ni zan zauna a gaba in ja filafili, in kuma na fara cewa "na sani", ki watsa mini ruwa.

Allah ya tsare ki a tudu da ruwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kare ki daga sanyin garin nan da kewar gida. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran Mamanki ko ba ki da labari. Allah ya jiƙan kakanki, ya yi miki albarka, ya nuna mana Satumba lafiya.

Ki turo mini jerin abin da zan ɗauko. Abin da ba ki rubuta ba, ba zan sa a jaka ba.

Mahaifinki,
Umaru